Tafiyata Zuwa Tamale da Abin da Na Gani na Tsofaffin Gidajen Mulki

Kakanninmu da suka yi fataucin goro ba su san Tamale a matsayin birni ba, domin a zamanin da ayari ke tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da jar fata da baƙaƙen rawuna, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya biyo ta Sansanin Mango da Yandi, Salaga ta ƙasar Gwanja ce abin nufi, can goron Asante ke jiran mai saye, can kuma madugu ke sauke gajiyar watanni. Tamale kuwa 'yan ƙauyukan Dagwamba ce kurum, har sai da Turawan Ingila suka ɗauko hedkwatar mulkinsu na arewacin ƙasar da yau ake kira Ghana daga Gambaga suka dasa ta a nan a 1907. Ƙanen kakan mahaifina yana cikin waɗanda suka tafi Gwanja ba su komo ba, kuma bayan yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga, zuriyarsa ta yi ta ƙaura daga zango zuwa zango har Allah ya zaunar da ita a Tamale. Da saƙon ɗaurin auren jikar babbansu ya iso mini, sai na ga bai dace zumuncin da ya jure shekaru fiye da ɗari a bar wa muryar waya kaɗai ba, na ƙudura niyyar zuwa da ƙafata.

Kafin in tashi na biya ta Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, don in nemo 'yan bayanai a kan fataken Gwanja waɗanda zan kai wa dangi a matsayin tsaraba. Wannan gida, kamar yadda mutanen Kano suka sani, shi ne mazaunin Hanns Vischer, Baturen nan haifaffen Suwizalan wanda ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya kuma buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nassarawa a 1909. Yau kuwa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce ke riƙe da shi. Na zauna ƙarƙashin rufin azara da bakan gizo, tsakanin katangun ƙasa masu kauri waɗanda rana ba ta ratsa su, ina kwafe abin da na samu da hannuna, ma'aikata na shiga suna fita da takardu, sai tunani ya zo mini cewa gidan da aka gina don barcin mutum guda da iyalinsa ya zama wurin aikin hukuma, kuma wannan aikin ne ya sa har yau ake share shi, ake toshe yoyonsa, ake kulle ƙofarsa da dare. Ba shi ne farau ba a Kano, gama Gidan Makama, wanda ake jingina asalinsa ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, Turawa sun yi ofis a cikinsa bayan sun ci birnin a 1903, tun kafin ya zama gidan kayan tarihi. Da wannan tunani na shiga mota, kuma bai rabu da ni ba har Tamale.

Hanyar da kakanni suka bi, da wadda ke ratsa Nijar da Burkina Faso, duka masu sani sun hane ni da su saboda halin tsaro, don haka na yi doguwar kewaya ta bakin teku. Babbar motar dare ta kai mu Ikko, daga can ƙananan motoci suka riƙa miƙa mu hannu zuwa hannu, ta Seme, ta Kwatano, ta Lome, har Aflawo inda ake shiga Ghana. Al'amarin iyakoki ba shi da daɗin faɗi: fasfo, katin rigakafin shawara, hatimi, jira. Abin da ya fi cancantar ambato shi ne duk iyakar da muka tsaya, da Hausa na canji kuɗina, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi, kuma a kowane canji abin da ke aljihuna yana ƙara ramewa, har na fahimci cewa matafiyin da ya fito da naira a wannan zamani dole ne ya koyi ƙana'a ko bai yi niyya ba.

A Ankara, babban birnin ƙasar, na sauka a unguwar Nima wurin wani abokin ɗan'uwana, mai sayar da yadi, wanda ya ba ni ɗakin ɗansa ya tura yaron kwana a shago, duk da roƙon da na yi masa kada ya yi haka. Da safe aka kawo koko mai yajin citta da kanumfari, da ƙosai mai zafi, kuma ban ga abin da ya raba su da na ƙofar gidanmu ba sai yawan yajin. Na roƙe shi ya kai ni in ga Gidan Osu, farin ginin nan da ke kan dutse a bakin teku, wanda mutanen Denmak suka gina wajen 1661 suka kira shi Christiansborg, suka yi cinikin zinariya da bayi a cikinsa, har a 1693 wani mutumin Akwamu mai suna Asameni ya ƙwace shi da dabara, ya riƙe shi ɗan lokaci, ya sayar musu da abinsu amma ya tafi da makullai. Ingila ta saye shi a 1850, gwamnoninta suka zauna a ciki, kuma da Ghana ta sami 'yanci a 1957 ba ta rushe shi ba, ba ta kuma ƙaurace masa ba, sai ta ci gaba da gudanar da mulki daga cikinsa har 2013 da aka mayar da fadar shugaban ƙasa Jubilee House. Mai masaukina yana ganin abin kunya ne shugabannin baƙar fata su yi shekaru suna sa hannu a takardu bisa ɗakunan da aka tsare kakanninsu. Ni kuwa na ce masa da sun bar shi fanko, da iskar teku mai gishiri ta gama da shi, shaidar ta tafi tare da ginin. Ba mu daidaita ba, muka tafi cin dokunu da soyayyen kifi.

Kumasi kwana ɗaya na yi mata, amma ta ba ni misalai biyu masu karo da juna. Sarkin Asante Osei Bonsu ya gina wani gidan dutse da ake kira Aban, Turawa suka rushe shi a yaƙin 1874, daga baya suka ɗebi duwatsunsa suka sa a ginin barikinsu, wanda yau shi ne gidan tarihin sojoji. Wannan kuwa shi ne abin da Ibn Khaldun ya bayyana a Muƙaddima, cewa idan daula ta juya baya akan rushe tsohon gini a yi sabo da kayansa. Fadar Manhyia kuma Turawan ne suka gina ta a 1925 don Sarki Prempeh na Farko bayan ya komo daga zaman gudun dole a tsibiran Seshel, sarakuna suka zauna a ciki, sannan aka mai da ita gidan tarihi a 1995.

Daga Kumasi hanya ta miƙe arewa, kusan kilomita 400. Bayan Techiman kurmi ya fara sakin hanya, a Kintampo aka tsaya salla da cin abinci, inda na sayi soyayyar doya da barkono a farashin da a Kano ba zai sayi rabinta ba, domin nan ƙasar doya ce. Muka haye Baƙin Volta a Buipe, muka haye Farin Volta a Yapei, mata na bin tagogin mota da bandar kifi a faranti, kuma tun daga nan kaɗanya da ɗorawa da kuka suka mamaye daji, masallatai suka yawaita a bakin titi, zafin bazara ya zama irin wanda jikina ya sani, har na ji kamar tsakanin Zariya da Funtuwa nake.

Mun shiga Tamale bayan la'asar, ta ƙarƙashin gadar sama da aka buɗe a 2022. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne babura, da kuma waɗanda ke tuƙa su: mata ne da yawa, malamar makaranta da 'yar kasuwa da hajiya mai lulluɓi, wata da goyo a baya da kwandon cefane a gaba, babu mai waiwayarsu. Babban gidanmu na can, wanda kowa ke kira Baba Alhaji, ya tarbe ni a zaure a unguwar Zango, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, yana cewa, "Ɗana, ka sha hanya. Jinin Kano ya zo ganin jinin Gwanja." Hausarsu ta Zango ce, ba ta damu ƙwarai da rarrabe namiji da mace ba, amma karamcinsu ba ya bukatar gyara. Hajiya ta aiko da tuwon zafi da miyar ayoyo da naman zabo, washegari shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, da wagashi soyayye, wani lokaci tubani, kuma duk ƙoƙarina na in sa hannu a aljihu don cefane sai Baba Alhaji ya ce, "Kul, kada in sake gani." Maƙwabtansu Dagwamba suka riƙa shigowa gaisuwa, yaro ya durƙusa har ƙasa gaban babba, ana jero tambayoyi yana amsawa, ladabin da a wasu unguwanninmu ya fara zama labari.

Sha'anin kuɗi yana da ruɗarwa ga baƙo. A 2007 hukuma ta yanke sifiri huɗu daga sidi, amma tsofaffi da yawa har yanzu da tsohon lissafi suke ciniki, saboda haka mai koko ta dube ni ta ce dubu hamsin, alhali sidi biyar take nufi. A kasuwar Aboabo na lura cewa doya da man kaɗanya da zabi sun fi namu araha, amma man fetur da duk abin da mota ta ɗauko daga bakin teku sun fi namu tsada. Kuma a kwanakin da na yi wutar lantarki ta fi tamu zama, ko da yake ita ma takan yi ƙyafce.

Wanda ya zo Tamale yana neman tsohon soro irin na Kano ko Zariya zai gaji da nema. Ginin Dagwamba na asali ɗakuna ne zagayayyu masu jinkar ciyawa, a kewaye da tsakar gida, kuma ko fadar Gulkpe Na ko ta Dakpema darajarsu tana ga mai zama a ciki da makaɗan lunsi masu riƙe da tarihin sarauta a ka, ba ga tsawon katanga ba. Gini mai rufin ƙasa da zankwaye sai an nausa yamma, wajen Larabanga da Bole da Wa. Saboda haka tsofaffin manyan gidajen Tamale na Turawa ne, suna warwatse a unguwar ma'aikatu ƙarƙashin mangwaro da darbejiya, inda har yau akwai titi mai sunan Watherston, Babban Kwamishinan da ya kawo hedkwata garin.

Cikin ɗaya daga waɗannan gidaje na shiga, da na raka ɗan Baba Alhaji karɓo wata takarda a wani ofishin hukuma. Takardar ba ta ɗauki lokaci ba da mai sa hannu ya iso. Jiransa ne ya ba ni damar dubawa. Gidan an ɗaga shi bisa dandamali don gudun danshi da gara, an kewaye shi da baranda mai faɗi ta yadda rana ba ta taɓa bangon ɗaki, rufin kwanonsa yana can sama, kowace taga tana da 'yar'uwa a ɗaya ɓangaren don iska ta shiga ta fice. Wanda ya tsara shi ya san zafin Maris. Amma babban falon an yayyanka shi da falankai zuwa ƙananan ɗakuna, kowane da tebur da kwamfuta, an toshe tagogi biyu da bulo an saƙala na'urar sanyaya ɗaki, ta haka aka kashe hanyar iskar gaba ɗaya. Ina zaune wuta ta ɗauke, kuma kafin a yi minti goma sai ga ma'aikata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya da kujerunsu a hannu, suna neman wuri a barandar da mu masu jira muke. Na leƙa ɗakin wanka na dā, na tarar da bahon ƙarfe mai ƙafafu yana nan inda aka girke shi, cike maƙil da tsofaffin fayiloli ɗaure da igiya, famfonsa ya yi tsatsa a kansu.

Wani dattijon masinja da ya ga ina dube-dube ya matso, muka gaisa da Hausa. Na ce, "Baba, gidan nan ya ga zamani." Ya ce, "Malam, ubana kuku ne a gidan nan. Ta baya yake shiga, ta baya yake fita, ni kuma ina yaro iyakata bakin kicin. Yau ga ni da makullin ƙofar gaba." Na ce masa ai an ɓata ginin da falankai. Ya yi dariya ya ce, "An ɓata, amma yana tsaye. Zo ka ga na kusa da mu, wanda ba a ɓata ba." Ya ja ni bayan shinge ya nuna mini wani gida irinsa sak, wanda aka bari babu kowa: an kwashe kwanon rufin, an ɓalle ƙyamare, gara ta cinye katakon, cediya ta tsiro a tsagar bango ta buɗa shi, awaki na kwance a inda falo yake, kuma a cewarsa masu kuɗi sun daɗe suna zawarcin filin.

Ni dai hujjar dattijon nan ta rinjaye ni, duk da ina da ƙorafi a kan masu falankai. Masu son kayan tarihi sukan so a mai da kowane tsohon gida wurin ziyara, a sa igiya a hana taɓawa, amma gari nawa ne zai iya ciyar da gidajen tarihi goma, kuma mutum nawa ne ke shigarsu in ban da 'yan makaranta da Turawa masu yawon buɗe ido? Ofishin ƙaramar hukuma kuwa kowa yana da bukata a cikinsa, mai neman izinin gini, da mai biyan kuɗin rumfa, da matar da ta zo yi wa jariri takardar haihuwa, kuma talakan da kakansa bai isa ya taka matakalar gidan ba yau yana zaune a barandarsa yana jiran haƙƙinsa. Bukatar ofisoshin ma ba ƙarama ba ce a Ghana, domin majalisun gundumomi da suke 110 a 1988 yanzu sun kai 261, Sagnarigu ma daga jikin Tamale aka yanke ta a 2012, sannan a 2019 aka fitar da sababbin jihohi biyu daga Jihar Arewa, ɗaya mai hedkwata a Damongo, ɗaya a Nalerigu, kuma kowace sabuwar hukuma tana bukatar rufi tun kafin baitulmali ya iya gina mata. Mu da muke da ƙananan hukumomi 774, arba'in da huɗu a Jihar Kano kaɗai, mun fi son sabuwar sakatariyar siminti a bayan gari, alhali gidajen hakimai da tsofaffin ofisoshin En'e suna zubewa a tsakiyarsa.

Sharaɗin kawai shi ne wanda malaman fiƙihu suka gindaya a babin hubusi, cewa abin da dukiyar waƙafi ta samar a fara gyaranta da shi kafin a raba wa masu haƙƙi, domin idan asali ya halaka amfani ya yanke. Hukumar da ta gaji tsohon gida amana ta karɓa, kuma wajibi ne kuɗin gyaransa ya riga kuɗin labule da kujerar shugaba shiga kasafi. Gyaran ma sai da ilmi. Masallacin Larabanga, wanda ke cikin mafi tsufa a ƙasar, an shafe shi da siminti a shekarun 1970 da kyakkyawar niyya, simintin ya kulle danshi a cikin bango, gara ta samu gida a itacen, har hadari ya kayar da wani sashe nasa. Da aka zo ceto shi bayan 2002 sai da aka ɓamɓare simintin aka koma ga yaɓen ƙasa. Duk maginin gargajiya a Kano zai iya faɗa musu haka tun farko, da an tambaye shi.

Kafin ranar biki samarin gidan suka ɗauke ni a babur zuwa wani wuri da suke alfahari da shi, Nkrumah Voli-ni. Rumbun ajiyar amfanin gona ne na kankare, wanda aka fara a zamanin Kwame Nkrumah aka watsar bayan juyin mulkin 1966, ya yi shekaru fiye da hamsin ruwa na taruwa a cikinsa, har Ibrahim Mahama, mai fasahar nan haifaffen Tamale da ya yi suna wajen lulluɓe manyan gine-gine da tsofaffin buhunan koko (ba attajirin nan ƙanen shugaban ƙasa ba, suna ne ya zo ɗaya), ya saye shi ya yashe shi ya buɗe shi ga jama'a. Bai yi masa fenti ba, bai kori jemagun da suka riga shi zama ba, kuma ana taro da baje kolin zane a cikinsa. A ɗaya wurin nasa, Red Clay, a bayan gari, ya jawo tsofaffin jiragen sama ya mai da su azuzuwan yara, ya kuma kawo taragun jirgin ƙasa zuwa yankin da dogo bai taɓa isa ba. Na ga 'yan firamare a layi suna hawa matakalar jirgi da littattafansu, malamarsu na tsawata wa masu gaggawa. Mutum guda ne ya yi wannan da kuɗin sana'arsa, a garin da hukuma ke da gidaje masu rufi a kwance.

An ɗaura aure ranar Lahadi da hantsi, limamin unguwa ya yi huɗuba, aka raba goro da alewa, makaɗan Dagwamba da na Hausa suka yi ta gasa a ƙofar gida har azahar. Na sayi rigar saƙi ta Dagwamba, mai nauyi da faɗin gindi, bayan ciniki mai tsawo wanda Hajiya ta karɓe daga hannuna da ta ga mai rigar ya gane baƙo ne, ta kuwa rage kusan sulusin kuɗin. Ranar komowa Baba Alhaji ya haɗa mini guzuri abin da ya fi ƙarfina, ƙullin man kaɗanya, da zabi soyayyu, da doya buhu guda wadda ya rantse sai na kai wa iyali, ya rako ni tasha da kansa duk da ciwon gwiwa, ya yi mini addu'a ya ce in gai da kowa da kowa. Kafin doyar nan ta ƙetare iyakoki uku ta iso Kano, kuɗin dakonta da na lodinta sun ninka abin da aka saye ta a Aboabo.